Lafiyar Iyali: Tiyatar Leƙe, Wa Ta Dace da Shi?



A gidajenmu babu maganar da ke sanyaya jikin jama'a kamar a ce likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Da jin haka sai a tara dangi a yi ta shawara. Wani ya ce a bari sai bayan damina, wata ta ce a fara gwada na gargajiya tukuna, shi kuwa maras lafiya yana gefe yana tunanin wuƙa da doguwar tsaga daga ƙirji har mara. Wannan tsoro yana da dalili, domin da wuya a samu gidan da bai san wani wanda ya daɗe a gadon asibiti bayan tiyata ba, ɗinki ya yi ruwa, aljihu ya ƙare, gona ta tsaya. Sai dai a ƴan shekarun nan ana ganin wani abu dabam. Mutum ya tafi Yamai ko Kano ko Tunis a cire masa matsarmama, bayan kwana 2 ya fito da ƴan filasta 4 a ciki, kowace ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. Masu zuwa dubiya sai su ce ai da leza aka yi masa, ba a yanka shi ba.

Duka biyun ba haka suke ba. A mafi yawan irin wannan aiki babu leza ko kaɗan, kuma an yanka, sai dai yankan fata ne aka taƙaita. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna kiransa selyoskofi, na Najeriya da Gana kuma su ce lafaroskofi, ma'anar duka kuwa leƙa cikin ciki. Mu a wannan fili za mu kira shi tiyatar leƙe. Tun da yanzu ya shiga cikin abubuwan da likita kan iya miƙa wa iyali su zaɓa, ya kamata maigida da uwargida su san abin da ake miƙa musu.

Yadda ake yin ta

Ana sa majinyaci barci gaba ɗaya, a sa masa bututun numfashi, inji ya riƙa taimaka masa. Daga nan likita ya yi ƴar tsaga a gefen cibiya, ya hura iska cikin ciki har bangon cikin ya ɗaga sama kamar tanti, a samu fili tsakaninsa da hanji. Iskar da ake hurawa ita ce irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, an zaɓe ta ne saboda ba ta kama wuta, kuma jini yana shanye ta da sauri huhu ya fitar. Akwai na'urar da ke lura da ƙarfinta, yawanci tsakanin milimita 12 da 15 na ma'aunin zaiba. Ta wannan ƙofa ta cibiya ake zura wani siririn madubi mai fitila da kyamara, sai ga hanta da hanji da mahaifa a allon talabijin, sun ma fi girman da ido ke ganinsu. Sannan a buɗe wasu ƙofofi 2 ko 3, masu faɗin milimita 5 zuwa 12, a zura dogayen almakashi da hantsaki da abin ƙona jijiyar jini. Likita yana tsaye hannunsa a waje, idonsa a kan allo, bakin kayan aikinsa a ciki. In an gama a sa abin da aka yanke cikin ƴar jaka a jawo ta ƙofa ɗaya, a saki iska, a ɗinke.

Dabarar ba ta jiya ba ce. A 1901 wani likitan Jamus mai suna Georg Kelling ya hura iska a cikin kare ya leƙa da madubi, a 1910 kuma Hans Christian Jacobaeus na ƙasar Suwidin ya yi wa mutane. Shekaru da dama leƙen kawai ake yi don a gane ciwo. Likitocin mata ne suka riƙe abin suka raine shi: Raoul Palmer a birnin Faris tun cikin shekarun 1940, sannan likitocin Clermont-Ferrand da suka fara gyara cikin da ya zauna a wajen mahaifa ta wannan hanya a shekarun 1970. A 1980 Kurt Semm na birnin Kiel, shi ma likitan mata, ya cire wutsiyar hanjin nan da ke kawo ciwon afandisit ba tare da tsaga ciki ba, abokan aikinsa suka yi masa ca, har aka nemi a dakatar da shi daga aiki. Erich Mühe ya cire matsarmama ta madubi a 1985, shi ma aka yi watsi da shi a gida. Sai da Philippe Mouret ya yi irin wannan aiki a Liyon a 1987, kyamara ta shigo ta sa kowa a ɗakin tiyata yana ganin abin da likita ke gani, sannan abin ya bazu kamar wutar daji. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 ya zama hanyar da aka saba bi wajen cire matsarmama a Turai da Amurka. A Yamai ma an fara shi a babban asibitin ƙasa tun cikin shekarun 2000.

Abin da iyali ke samu

Amfaninta na gaskiya ne, kuma a gida irin namu ya fi fitowa fili. Mafi yawan azabar da ake sha bayan tiyatar ciki daga tsagar bangon ciki take zuwa, wato fata da kitse da naman da aka raba kafin a kai ga wurin ciwo. In tsagar ta ragu sai zafi ya ragu, majinyaci ya iya tari da jan dogon numfashi, ya tashi ya taka tun ranar farko, hakan kuwa yana kare shi daga ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Wanda aka cire wa matsarmama ta leƙe yakan fita ranar ko kashegari, ya koma harkokinsa marasa nauyi cikin mako 2. Wanda aka tsaga yakan yi kwana 3 zuwa 5 a asibiti, ya yi mako 6 ko fiye kafin ƙarfinsa ya dawo. Ƙaramin rauni bai cika yin ruwa kamar babba ba, wannan kuwa babban abu ne ga mai ciwon sukari da mai ƙiba, balle a ƙasar zafi da ƙura. Hanji ma bai cika mannewa da juna daga baya ba kamar yadda yake yi bayan babbar tsaga.

A lissafa kuma abin da ba a rubutawa a takardar kuɗin asibiti. Duk kwanan da majinyaci ya yi a gado, akwai mai jinya da ta baro ƴaƴanta a ƙauye tana kwana a tabarma a tsakar asibiti, akwai kuɗin abinci da na mota, akwai rumfar kasuwa a rufe. Don haka ko da kuɗin aikin kansa ya fi na tsaga, wani lokaci idan aka haɗa duka sai a ga tazarar ba ta kai yadda aka zata ba. Wani lokaci kuma ta kai, har ta wuce. Sai an zauna an yi lissafi da alƙalami, ba da ƙiyasi ba.

Akwai mutanen da muke so a fi sa wa ido a nan, su ne ƴaƴanmu masu amosanin jini, wato sikila. Ƙwayar jinin mai lafiya tana rayuwa kamar kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Abin da ke fita daga waɗannan ƙwayoyi yana taruwa a ruwan matsarmama ya dunƙule ya zama ƴan baƙaƙen tsakuwoyi, shi ya sa ake samun tsakuwar matsarmama ga yaro ɗan shekara 12 ko budurwa ƴar 18, ciwon da a wasu ƙasashe aka fi sani ga manya. Sau da yawa ciwon cikin da tsakuwar ke tayarwa akan ɗauke shi a matsayin tashin sikilar da aka saba, a yi ta ba da maganin zafi, alhali hoton eko zai nuna ta cikin ƴan mintoci. Ga irin waɗannan yara tiyatar leƙe da aka shirya cikin natsuwa, an ƙara musu ruwa, an kula da ɗumin jikinsu da iskar da suke shaƙa, an tanadi jini, ta fi tiyatar gaggawa ta tsakar dare nesa ba kusa ba.

Fata ce ta huta, ciki bai huta ba

Ga wurin da muke so a tsaya a kai. Matsarmamar da aka cire ta ƙofar milimita 10 ita ce dai wadda da za a cire ta tsagar taƙi guda. Jijiyoyin da aka ɗaure su ne, haɗarin barci shi ne, wani lokaci ma ya ɗan fi, domin iskar da aka hura tana danne huhu da manyan hanyoyin jini, abin da mai raunin zuciya ko tsohon ciwon huhu ba lalle ya iya ɗauka ba. Tiyatar leƙe tana da nata haɗurra ma na daban. Wajen shigar da ƙarfen farko ana iya huda hanji ko jijiya. Wajen cire matsarmama ana iya yanke babbar hanyar da ruwan ɗaci ke bi daga hanta zuwa hanji, bisa kuskuren gani. Wannan bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma wanda abin ya faɗa wa yakan sha doguwar wahala. An lura irin wannan rauni ya ƙaru a farkon shekarun 1990, lokacin da likitoci da yawa suka rungumi dabarar kafin hannunsu ya faɗa, har sai da aka tsaurara horo.

Shi ya sa a takardar da ake ba majinyaci ko waliyyinsa ya sa hannu ake rubuta cewa in buƙata ta taso za a koma a tsaga. Wasu iyalai in suka ga ɗan uwansu ya fito da dogon ɗinki bayan an yi musu alkawarin ƴan ƙofofi, sai su ɗauka an cuce su, ko likita ya kasa. A ganinmu akasin haka ne. Likitan da ya leƙa ya ga kumburi ya rufe masa hanya, ko jini yana zuba bai ga tushensa ba, ya ajiye madubi ya buɗe ciki, ya fifita ran mutum ne a kan sunansa. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda zai dage don kada a ce ya gaza.

Kuma ba kowane ciwo ne ƙaramar ƙofa ta fi dacewa da shi ba. Misali mafi ƙarfi ya shafi iyayenmu mata. An daɗe ana ɗauka cewa cire mahaifa saboda ciwon dajin bakin mahaifa ta hanyar leƙe daidai yake da tsaga, har ma ya fi sauƙi. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe da dama a kan mata 631 da ciwonsu bai yi nisa ba, aka raba su gida biyu. Bayan shekara 4 da rabi, cikin waɗanda aka tsaga, kashi 96.5 cikin 100 ciwon bai dawo musu ba, cikin waɗanda aka yi wa ta ƙananan ƙofofi kuwa kashi 86 ne kawai, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Daga nan manyan asibitoci suka koma tsaga ga mafi yawan masu wannan ciwo. Abin lura shi ne, a ciwon dajin babban hanji irin wannan gwaji da aka fitar a 2004 ya nuna hanyoyin biyu kunnen doki suke wajen warkarwa, leƙe kuma ya fi saurin sallama. Ke nan ba a yi wa cututtuka kuɗin goro, kowanne da hukuncinsa.

Ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita ƙwarai ga matan Afirka, shi ma yana da nasa bayani. In ƙarin ƙarami ne ko tsaka-tsaki ana iya cire shi ta leƙe. Amma matanmu da yawa ba sa zuwa sai ya kai girman cikin wata 6, ga shi ba ɗaya ba, kuma abin da ya kai ƙwarya ba ya fita ta ramin da bai wuce yatsa ba sai an daddatsa shi. A 2014 hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta yi gargaɗi a kan injin da ke yin wannan daddatsawa, domin a wasu mata ƙalilan, ta ƙiyasta 1 cikin 350, akwai ciwon daji ɓoye cikin ƙarin, injin kuma yana watsa shi cikin ciki. Yanzu inda ake amfani da shi ana so a yi daddatsawar cikin jaka ta musamman. Macen da ke fatan haihuwa nan gaba kuma ta tambayi yadda za a ɗinke mahaifar, domin ƙarfin wannan ɗinki shi zai ɗauki cikin da ke tafe.

Gwaiwa kuwa, wadda ita ce tiyatar da ta fi yawa ga manoma da masu aikin ƙarfi, tsagarta ta asali ƴar gajera ce a matsematsi, ana iya yin ta da allurar kashe wurin ko ta baya, ba sai an sa mutum barci ba, a ɗinka raga a ƙarfafa wurin, ya kwana ɗaya ko ma ya koma gida ranar. Leƙe yana da fifiko in gwaiwar ta ɓangare biyu ce ko ta dawo bayan an taɓa yi, amma ga tsohuwar gwaiwar da ta sauka ta yi girma tsaga ce ta fi dacewa. A nan ma abin da ya fi taimakon talaka ba sabon inji ba ne: wani gwaji da aka yi a Yuganda, aka buga a 2016, ya nuna raga mai araha irin ta gidan sauro, wadda aka tsarkake a asibiti, ta yi aiki daidai da raga mai tsada ta kamfani. Ba gidan sauron ɗakinmu mai magani a jiki ake nufi ba, kada wani ya ɗauko nasa. Haihuwa ta tiyata kuwa ba ta cikin wannan zance sam, jariri ba ya fita ta cibiya.

Zuwa da wuri-wuri

Hausawa kan ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, wato mai kuɗi a hannu ya fi mai sammako. A ƙofar ɗakin tiyata wannan karin magana ba ta cika aiki ba. Ciwon afandisit na kwana ɗaya ana cire shi ta ƙofofi 3 cikin sauƙi. Wanda aka yi kwana 5 ana jiƙe-jiƙe da gashi har ya fashe, ruwa ya cika ciki, hanji ya kumbura, sau da yawa ko nawa aka zo da shi sai an tsaga. Haka yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji aka kawo shi a galabaice, abin da asibitocin karkararmu suka sani sarai. Haka matar da al'adarta ta ɗauke mako 6 ko 7, ta ji ciwo a gefe ɗaya na mara da ɗan ɗigon jini. In ta je nan da nan, eko zai iya nuna cikin ya zauna a hanyar ƙwai, a cire shi ta leƙe, wani lokaci ma allura kaɗai ta wadatar. In aka bari hanyar ta fashe, jini ya taru a ciki, ta fara suma, to zancen ƙananan ƙofofi yakan ƙare, ana neman ceton rai ne da gudu. Wato zaɓin da muke magana a kai yana hannun iyali ne kafin ya je hannun likita, kuma kowane kwanan jinkiri yana rage shi.

Sai maganar wurin da za a yi. Tiyatar leƙe tana jingine da abubuwa da yawa: wutar lantarkin da ba ta yankewa ko injin wuta mai tashi nan take, tukunyar iska cike, kyamara da fitila masu lafiya, kayan aikin da aka tsarkake yadda ya kamata, likitan sa barci da na'urar auna numfashi, da wanda ya iya gyara in wani abu ya lalace. Ɗaya ya ɓace, sauran sun tsaya. Akwai asibitocin da aka kawo wa na'urar kyauta tana ajiye cikin leda, saboda babu wanda aka horar ko wani ɗan ƙarfe ya karye babu madadinsa. Ganin na'ura a ɗaki bai isa shaida ba. Ba rashin ladabi ba ne mutum ya ce: “Likita, don Allah irin wannan aiki sau nawa kuke yin sa a wata a nan? In an samu matsala da dare, wa zai duba shi? Akwai jini a ajiye?” Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. In amsar ta nuna hannunsa ya fi faɗawa a tsaga, to a bar shi ya yi abin da ya ƙware a kai, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayar nan ta dare tana da tushe. A 2018 aka buga wani bincike da ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijar da Najeriya da Kamaru da Gana. An samu cewa kusan 1 cikin 5 ya gamu da wata matsala bayan tiyata, kimanin 2 cikin 100 sun rasu, kuma haɗarin mutuwa ya ninka na sauran duniya duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Mafi yawan rasuwar ba a kan teburin tiyata ta faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin jinya, inda ma'aikata suka yi kaɗan ba a lura da wuri cewa jiki ya juya ba. Girman tsaga bai shiga wannan lissafi ba.

Za ku ji kuma ana tallar tiyata da mutum-mutumi, musamman daga masu kai marasa lafiya Indiya da Turkiyya da Masar. Na'urar ba ita ke yin aiki da kanta ba, likita ne ke zaune gefe yana sarrafa hannayenta, kuma tiyatar leƙe ce dai da ƙarin sauƙin juya kayan aiki. An amince da irin wadda ta fi shahara, da Vinci, a Amurka a 2000. A watan Satumba na 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a Niyok ya cire matsarmamar wata mata da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, cibiyarsa ta horar da likitoci kuma ta buɗe reshe a Kigali ta Ruwanda a 2023. Abin sha'awa ne, kuma yana da amfani a wurare masu ƙunci kamar cire furostat mai ciwon daji. Amma ga matsarmama da afandisit da gwaiwa ba a nuna ya fi leƙen hannu warkarwa ba, kuɗi ne dai ya fi. Kada a sayar da gona saboda suna. Wanda kuma tafiya waje ta zame masa dole, ya tuna cewa matsalar tiyata takan bayyana ne bayan kwana 3 zuwa 10, lokacin da wataƙila ya riga ya hau jirgi, don haka ya san tun kafin ya tashi wane likita ne zai karɓe shi a gida.

Bayan an dawo gida

Kafin aiki a gaya wa likitan sa barci gaskiyar duk abin da ake sha, har da asfirin da maganin sukari da na hawan jini da jiƙo da garin magani, kuma a kiyaye umurnin barin abinci, wanda yawanci awa 6 ne. Bayan aiki da yawa sukan ji ciwo a kafaɗa, musamman ta dama, su tsorata. Ragowar iskar nan ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuwa ta haɗu da ta kafaɗa, kuma yakan wuce cikin kwana 2 ko 3, tafiya a hankali tana rage shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ƙanƙantar rauni ke yaudarar mutanen gida. Matar da aka tsaga kowa yana ganin ɗinkinta, a ɗauke mata daka da surfe da jan ruwa har wata 2. Wadda aka yi wa ta leƙe kuwa, bayan mako guda sai a fara cewa ai ba a yi mata komai ba, ga ta tana yawo, ita ma kunya ta sa ta ɗauki taɓarya ko ta goya yaro. Alhali an cire mata mahaifa, ɗinkin ciki bai kama ba, ƙofar cibiya ma tana iya buɗewa daga ciki hanji ya turo ya zama ƙaba. Maigida da uwar miji su ne za su tsaya a nan, su tambayi likita a gabanta mako nawa za ta yi ba ta ɗauki nauyi ba, da lokacin da ya halatta ta koma shimfiɗar mijinta, sannan su sanar da sauran gida. Haka magidancin da zai koma hawan babur a hanya mai gargada ko ɗaukar buhu. Wanda ruku'u da sujada ke ja masa ciki a kwanakin farko ya yi sallarsa a zaune, sauƙi ne da shari'a ta ba maras lafiya. In kuma aikin ba na gaggawa ba ne kuma azumi ya gabato, a yi shawara da likita a kan lokaci, amma ciwon da ba ya jira ba a ɗaga shi saboda Ramadan, ramuwa tana nan.

Da yake ana sallamar mai tiyatar leƙe da wuri, aikin lura da ma'aikatan jinya za su yi ya dawo hannun ƴan gida. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, amai da ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura ya yi tauri, ido ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu, ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko rauni ya fara fitar da ruwa mai wari: ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya sayen ƙwaya a tebur. Idan gida yana da nisa ƙwarai, gara a sauka wajen dangi a cikin gari na mako guda kafin a wuce ƙauye.

Kafin a bar asibiti kuma a roƙi takardar bayanin aikin da aka yi, wadda ke faɗin abin da aka gani da abin da aka cire, a kuma tambayi ranar da za a dawo karɓar sakamakon awon naman da aka cire in an aika da shi ɗakin bincike. Tabon leƙe yakan ɓace cikin cibiya har likitan da zai duba mutum bayan shekara 10 bai gane an taɓa shiga cikin ba, shi majinyacin kuma ba lalle ya iya faɗin ko hanyar ƙwai ta dama aka cire ko ta hagu ba. A sa takardar cikin leda a ajiye ta tare da takardun haihuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.